Gilashi Mai Lamba Hamsin

Kyamarata ta hannu ce.
A Sabon Gari na saye ta, wurin mai gyaran rediyo
da ya rantse mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe ta.
Salatif ke tare murfin batir ɗinta.
Gilashinta guda, mai lamba hamsin,
ba ya jawo abin da ke nesa.
In ina son abu ya matso,
ni ke takawa.

Ran Asabar mukan haɗu a Ƙofar Wambai
kafin 'yan robobi su gama fito da kaya.
Nafi'u da gilashinsa kamar taɓarya,
kuɗinsa ya sayi babur har da canji,
daga tsallaken titi yake ɗauko ƙudan da ke kan mangwaro.
Ummulhairi waya kawai take riƙewa,
ta ce abin da ya fi ƙarfin jakar hannu
dako ne, ita kuwa ba dako ta fito ba.
Musu muke har Jakara,
wa ya fi wa, na wa ya fi kaifi,
mai adaidaita na danna mana oda
mun tsaya tsakar hanya muna leƙen allon juna.

A wani lungu bayan Kurmi
na ga Baffa Tasi'u, mai wankin hula.
Rana ta zuro ta tsagar kwano
ta sauka daidai kan kumatunsa,
kumfa har gwiwar hannu.
Na yi sallama, na nemi izini.
Ya ce, ɗauki, in dai ba biya zan yi ba.
Na buɗe idon gilashin iya buɗewarsa,
na durƙusa, na riƙe numfashi,
ƙyas.

Ko Nafi'u sai da ya yi shiru.
Furfura ɗai-ɗai, kamar a ƙirga,
bayansa kuwa komai ya narke,
ja da shuɗi da ruwan ƙwai sun zama hayaƙi mai taushi.
Abin da na zuba kuɗina dominsa ke nan.

Na kai aka wanke a Zoo Road,
na sa a ambulan, na koma wata Asabar ɗin
ƙirjina gaba.

Ya goge hannu a gefen riga.
Ya karɓa, ya nisanta, ya kusanta,
ya juya bayan takardar.
Ya ce, yaro, ina hulunan?

Na ce, Baffa, ai haka ake yi,
a dusashe baya don fuska ta fito.

Ya ce, fuskar nan kullum ina ganinta a ruwan baho.
Hula arba'in da uku na shanya ran nan,
kowace da kan da ke jiranta.
Damangar can ta wani ango ce,
kuben nan mai shi ya rasu, ɗansa ke kawo ta.
Ka shafe su duka
ka bar ni zaune kamar marar aikin yi.

Ummulhairi ta juya kai tana cizon mayafi.

Na tsuke idon gilashin.
Na ja baya, na ƙara ja,
har bango ya ce mini ya isa,
dugadugina a bakin kwata.
Shi kuwa ya bi layin hulunan yana daidaita su,
wadda ta karkace ya miƙe mata zama,
sannan ya koma can gefe
ya zama ɗan ƙarami a kusurwar hoton.

Shi ne yanzu a jikin ƙofarsa, da ƙusa biyu.
Mai kawo wanki kan tsaya ya nemo tasa,
ya ɗora yatsa a kai.
Na farkon yana cikin jakata,
gefensa ya soma lanƙwashewa.
Har yau ina ganin ya fi kyau,
ban dai sake faɗa a lungun ba.